Baƙin da Ke Cikin Hanjin Malama Kubra

Ku saurara da kyau, don ku zan bar wa shari'ar.

A Azare an yi wata malamar firamare, Malama Kubra, wadda ta shekara ashirin da bakwai tana koya wa yara tsabta. A wurinta, duk halittar da ido ba ya gani ƙwayar cuta ce, tunda sunanta ke nan, maganinta kuwa kisa. Ba ta shan nonon ƙwarya, ba ta cin daddawa. In cikinta ya ɗan murɗa, sai ta haɗiyi kafso ja da yalo.

Da ta ba hamsin baya, ciwo ya kama babban hanjinta. Gudawa da jini sau goma a yini, har alwala ba ta kai ta ƙarshen sallah. Likita ya zura na'ura ya ga hanjin duk gyambo. Magunguna suka gaza. Ya ce in wata shida ya cika babu sauƙi, sai a yanke hanjin, a huda gefen cikinta a manna mata jaka.

'Ya'yanta uku ne, duk manya.

Ta tsakiya, Sa'adiya, ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce. Ita ta aika da bayan gidan mahaifiyarta aka bincika, ta dawo da takarda ta zauna a bakin gado.

"Mama, ba yawa ƙwayoyin suka yi miki ba. Ƙaranci suka yi."

Ta yi mata bayani cewa a hanjin kowane mutum akwai halittu da suka ninka mutanen duniya sau dubbai, iri-iri, suna cin dusar da cikinmu ba ya iya narkarwa, suna fitar da abin da bangon hanji ke rayuwa a kai. Nata hanjin kuwa ya zama kamar garin da aka yi ƙaura aka bari. Malama Kubra ta daɗe tana kallon cikinta. Can ta tambaya, to don me aka raɗa musu suna cuta?

"Wanda ya raɗa sunan, mugayen kaɗai ya sani," in ji Sa'adiya.

Ita ce ta yi ta bin likita har ya yarda ya gwada wata hanya da ake kan nazarinta: a ɗebo ƙwayoyi daga bayan gidan mai lafiya, a tace, a dasa a hanjin majinyaci. Ta gwada dangi bakwai. Mutum ɗaya ne ya dace.

Isiyaku ne, ɗan farin Malama Kubra. Tun yaye aka kai shi wurin kakarsa a wani ƙauye wajen Gamawa, ya tashi a kan gero da rama da kindirmo. Shekara talatin da huɗu uwar ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci a gabansa ba, saboda kunyar ɗan fari. Aka gaya masa abin da ake so. Taubasansa suka samu abin yi, suna cewa kowa buhun gero yake kai wa uwarsa, shi ga tsarabar da zai kai. Ya bar su da dariyarsu ya hau mota.

Uwar kuwa da ta ji ko wane ne, ta juya fuska ga bango, ta ce gara wuƙar. Isiyaku yana tsugune a bayan labule. Sa'adiya ta riga ta gaya masa cewa ƙwayoyin farko da jariri ke samu daga jikin uwarsa suke fitowa, nononta kuma shi ke rainonsu. Ya yi magana kansa a ƙasa.

"A gaya mata, asalinsu nata ne. Ajiya ta ba ni."

 Malama Kubra ba ta juyo ba, amma ba ta sake cewa a'a ba. Sau takwas Isiyaku yana barin gonarsa a tsakiyar damina yana zuwa asibiti ana yin dashen.

Jinin ya ragu. Sai dai da ta koma kan biredinta da taliyar leda da lemon kwalba, bai yi mako uku ba ya dawo. Nan auta Ramlatu ta nemi izinin mijinta, ta baro Bauchi ta karɓi madafa. Ta fara da kunun gero tatacce da kabewa, sannan miyar kuɓewa. Duk sabon abinci cokali ɗaya take ba ta, ta jira kwana uku ta gani. Wake ya tayar da ciwon, ta janye shi, bayan wata guda ta dawo da shi a surfe. Ranar da ta kawo kindirmo da miya mai daddawa, uwar ta toshe hanci.

"Ba ke nake ciyarwa ba, Mama, baƙinki nake ciyarwa. Ko so kike a ce sun zo gidanki sun kwana da yunwa?"

Wata huɗu tana wannan aiki, ba ta tsallake ko yini ɗaya ba.

Da wa'adi ya cika, likita ya sake zura na'urar, ya juyo da allon wajen Malama Kubra. Inda dā gyambo yake, bango ne sumul, ja-ja, kamar dasashin jariri. Ya ce ba zai ce ciwon ya tafi har abada ba, amma ya kwanta, maganar wuƙa kuma babu ita. Ta ɗora tafin hannu a cikinta, tana tasbihi ga wanda ya zaunar da al'umma guda a jikinta shekara hamsin ba ta sani ba.

Da suka koma gida ta ɗauko Alƙur'anin mahaifinta, rubutun hannunsa, a cikin gafakarsa. Ta yi niyyar ba da shi ga wanda ya zama sanadi, shi kuwa ba a raba shi uku. Ta dubi wadda ta gano garin ya watse, ta dubi wadda ta hana baƙi mutuwa da yunwa. Wanda ya kawo baƙin, inuwarsa kawai ta duba.

To, jama'a, a hannun wa ya kamata ta ajiye shi?