Murhun da Teku Ta Kasa Kashewa

Ku matso kusa, yau hukunci nake so ku yi mini, kuma wanda bai saurara tun farko ba kada ya sa mini baki a ƙarshe. Wani dattijo mutumin Jawa ne ya ba ni labarin nan, shekarar da muka zauna tanti ɗaya a Mina. Jawa tsibiri ne can ƙasar Indunusiya. Ya faɗa mini sunan ƙauyen, harshena ya ƙi ɗauka, na bar masa abinsa.

Ƙauyen a bakin teku yake, teku kuwa ta sa shi a gaba. Ta cinye gonakin shinkafa, ta cinye hanyar kasuwa, har ta kai in ruwa ya kawo sai ka ga kifi yana yawo a cikin masallaci. Mutane suka riƙa kwance gidajensu suna komawa tudu. Abin ba wuya a wurinsu, don gidajen na katako ne, da turaku ake haɗa su ba da ƙusa ba. A zare, a loda, a tafi.

To, a ƙauyen nan suna da wata al'ada. Fili naka ne muddin hayaƙi yana tashi daga murhunka. Ranar da rana ta fito ta faɗi ba a ga hayaƙi a rufinka ba, fili ya koma hannun dagaci, ya ba wanda ya ga dama. Wanda dagacin yake ganin dama kuwa kowa ya san shi, wani attajiri ne, Sumarjo, mai kududdufan kiwon jatan lande. Duk gidan da aka kwance, kafin laka ta rufe gurbinsa yaran Sumarjo sun kewaye wurin da shingen gora.

Kowa ya tashi sai wata tsohuwa, Mbah Ngatemi. Mbah shi ne kaka a bakinsu. Sumarjo ya zo da kansa a jirginsa mai inji, ya yi sallama daga kan ruwa.

"Mbah, ki ji tausayin ƙafafunki. Na gina miki ɗaki a tudu, ga famfo a ƙofa."

Ta ce, "Allah ya saka, ka sa mai so a ciki. Mijina yana kwance bayan ɗakin nan, kuma jatan landenka ba za su yi kiwo a kansa ba. Ka ga hayaƙin can? Ka riƙa kallo kullum, kyauta ne."

Ni dai tsohuwar nan ta burge ni, ba zan ɓoye muku ba. Amma taurin kai shi kaɗai ba ya hura wuta. 'Ya'yanta uku ne suka ɗauki nauyin wannan magana tata.

Babbansu Tukijan, kafinta ne. Da ruwa ya fara lasar gindin murhu, ya ga sai an ɗaga gidan sama. Kwance shi kuwa ba zai yiwu ba, don in an kwance wuta ta mutu. Ya hau tudu, ya bi ƙofa-ƙofa yana kiran gayya, duk wanda ya taɓa kafa wa rufi sai da ya tuna masa. Ginshiƙan da za a ɗora gidan a kai fa? Gishiri ya kashe duk itatuwan kwakwa. Sai ya kwance sabon gidansa na kansa, ya tura matarsa da yara gidan surukai, ya ɗauko ginshiƙan. Da ruwa ya janye, jama'a suka zura gorori a ƙarƙashin gidan, suka sa kafaɗa, suka ɗaga shi cak, tsohuwa tana ciki tana fifita wuta tana zagin masu karkata mata tukunya. Wajen saukewa ginshiƙi ɗaya ya zame ya danne hannun Tukijan na dama. Ya cije har aka daidaita sauran. Har yau yatsun nan ba sa riƙe zarto.

Na biyu Kasmuri, masunci. Gida dai ya tsaya tsakiyar ruwa kamar zalɓe, amma ba ice, ba ruwan sha, hanya kuwa ta daɗe da nitsewa. Sumarjo ya ce duk mai jirgin da ya kai wa tsohuwa ko da tsinke, kada ya ƙara kawo kifi sayarwa a matsayar jiragensa. Kasmuri ya ce an ji. Ya daina fita su mai nisa, kullum jirginsa cike da ice da tulunan ruwa. Sai lokacin iskar yamma ya zo, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa. Wata rana igiyar ruwa ta kifar da shi dab da gidan, ya samu ya jawo jirgin ƙarƙashin ginshiƙai, icen kuwa ya bi ruwa. La'asar ta yi, rufi babu hayaƙi. Yaran Sumarjo har sun fito bakin bukkarsu da gororin shinge a kafaɗa. Kasmuri ya ɗauko gatari. Katakon cikin jirgi ya sha kwalta, ruwa ba ya ratsa shi.

Uwar ta leƙo ta ce, "Kasmuri, jirginka ne fa. Da me za ka ci?"

Ya ce, "Ke dai hura, Mbok." Haka suke kiran uwa.

Baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, masu gora suka koma ciki. Tun daga ranar a jirgin wasu yake ƙwadago, icen tsohuwa kuwa a kan falanki yake tura shi bisa laka in ruwa ya janye, kuma bai taɓa fashi ba.

Ta uku ita ce auta, Darsih. Tun tana budurwa ta tafi aiki wani tsibiri mai nisa, garin ya yi ta gulmarta ana cewa ta manta gida. Ranar ɗaga gida ba ta nan, ranar fasa jirgi ma ba ta nan, wannan gaskiya ne. Ta dawo ne lokacin da igiya take rarake gindin ginshiƙai, ɗaya har ya karkata, Tukijan da kansa ya ce dabara ta ƙare masa. Ta ajiye aikinta, ta zo da buhuna cike da wasu 'ya'yan itace dogaye, kamar kwanson zogale. Bakau suke ce wa bishiyar, a cikin ruwan gishiri take tsira, saiwoyinta a waje. A inda ta zauna ta ga yadda take riƙe laka. Yayyenta suka yi dariya, ta ƙyale su. Ta shiga laka har ƙugu tana cusawa. Ƙaguwa ta yanke wasu, yaran Sumarjo suka tumɓuke sauran. Ta sake shukawa, suka sake tumɓukewa. Ta tare jirginsa a mashiga, ta ce, "Kai biyan masu cirewa kake yi, ni ba mai biyana. Mu ga wanda zai fara gajiya." Shi ne ya fara. Gishiri ya farfasa mata ƙafafu har takalmi ba ya shiga, ƙuruciyarta ta ƙare a cikin laka. A hankali saiwoyi suka kama, igiya ta riƙa mutuwa a cikinsu, ƙasa ta taso. Wata safiya dutsen kabarin ubansu ya fito fili, tsohuwa ta sauko ta zauna kusa da shi tana kuka.

Yanzu idon Mbah Ngatemi ya tafi, hura wuta ya gagare ta. Al'adar ta ce mai murhu zai miƙa bakin wuta ga mutum ɗaya a gaban dagaci tun yana da rai, wanda ya karɓa shi ne mai gida da fili. In ta mutu ba ta miƙa ba, komai ya koma hannun dagaci. Don haka kada wani ya ce mini a raba uku, ba a raba murhu.

Aka taru. Tukijan yana ɗakin surukai har yanzu, Kasmuri ba jirgi, Darsih ba ta da ko'ina sai nan. Ba wanda ya roƙa, ba kuma wanda ya ce ya yafe. Sumarjo ma ya zo kallo, yana murmushi, don yana sa ran biyun da aka hana za su yi fushi su bar ɗayan shi kaɗai da teku.

Tsohuwa ta lalubo bakin wuta daga murhu, ta fito bakin ƙofa, ta juya inda take jin ƙarar injinsa. Ta ce, "Kai dai ba kai ba ne, kashe injin ka ji da kyau." Sannan ta juyo wajen 'ya'yanta, wutar tana ci tana matsowa kusa da yatsunta.

Ba don Tukijan ba da ruwa ya shanye murhun, ba don Kasmuri ba da ya mutu don rashin ice, ba don Darsih ba da gidan ya kife da shi. To, ku faɗa mini kafin tsohuwa ta ƙone: a hannun wa za ta sa wutar nan?