Uku a Rami Ɗaya

Akwai wani manomi a Gude, nan Mubi, ana ce masa Gabdo. Irin mutanen nan ne da in sun kafe, ko uwar da ta haife su ba ta isa ta juya su ba. Shi da matarsa Hapsatu sun haura shekara goma ba ko ɓatan wata, har an fara yi masa shaguɓe a majalisa.

Da abin ya ishe shi, ya sayar da shanunsa, suka nufi wani asibiti a Abuja inda ake haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje, a dasa mata a mahaifa. Allah ya sa ƙwai uku suka kama.

Likita ta ce, "Ɗaya za mu dasa, mu adana sauran. In suka yi yawa a ciki, sukan zo kafin lokaci, ba ƙwari."

Gabdo ya yi dariya. "Likita, ni manomi ne fa. Uku muke zubawa a rami, wanda ya fito ya fito. A sa duka."

Hapsatu ta ce, "Maigida, mu ji maganarta mana."

"Ke yi shuru. So kike in sake dawowa Abuja?"

Likita ta yi bayani har ta gaji. Gabdo ya kafe.

Duka ukun suka zauna. Tun ciki bai fito ba ya ɗaure raguna uku a ƙofar gida, don masu shaguɓe su gani.

Wata bakwai bai cika ba naƙuda ta zo. Jarirai uku, mace ɗaya da maza biyu, ƙanana, ko kuka ba sa iyawa. Kwalbar da ake sa bakwaini ɗaya ce ta rage a asibitin Mubi. Aka sa macen, aka ɗauki mazan biyu zuwa Yola. Ba su kai ba.

Macen ta rayu, aka sa mata Sumayyat. Daga baya wani likita ya tabbatar idanunta ba za su gani ba.

Hapsatu ba ta taɓa ce masa "na faɗa maka" ba, kuma wallahi shirun nan ya fi zagi ciwo.

Da damina ta faɗi, Gabdo ya fita shuka. Ya sari rami, ya ɗebo iri, sai ya ga ƙwaya uku a tafinsa. Ya kasa zubawa. Nan ya zauna a kan kunya yana kuka kamar yaro.

Darasi: Mahaifa ba gona ba ce. Neman haihuwa a asibiti ba laifi ba ne, amma in likita ya ce ɗaya, kada gaggawa da gorin mutane su sa ka ce uku, domin jariri ne zai ɗauki wahalar. Ku tura wa masu neman haihuwa, ko wani zai tsira.