Faifan Sallar Nomau Mai Lambu

An yi wani mutum a wani gari can da, wani bawan Allah mai lambu, ana ce masa Nomau. Ku saurara, jama'a. Ku na baya, a bar hira.

Wata shekara Babbar Sallah ta zo, Nomau ba rago, ba akuya. Ga shi surukinsa, mahaifin matarsa Kyauta, ya aiko cewa yana tafe washegarin Sallah, kuma bai taɓa taka gidan ba. Kyauta ta yi tagumi ta ce, "Maigida, me za mu ajiye gaban Baba? Wallahi kunya za ta kashe ni."

Ya ce, "Wanda bai ba mu rago ba, ai Shi ya ba mu lambu. Miƙo mini babban faifan nan."

Ya je fadama ya tsinko ɗan abin da ya rage kaf, ya wanke tas. Ya shimfiɗa alayyahu a kan faifai, ya girke kabewa a tsakiya. Ya kewaye ta da jan tumatir, bayan tumatir farin gauta, bayan gauta tattasai. Ya fafe kan kabewar ya soka albasa, lawashinta ya yi tsaye kamar tuntun hula. Duk abin da ya ɗora sai ya ce alhamdu lillahi. Kyauta ta leƙo, sai ga murmushi.

Ana haka sai ga Iya Tabawa, tsohuwar maƙwabciyarsu. An ba ta naman sadaka, ba ta da ko albasa, kasuwa kuwa ba ta ci.

Kyauta ta yi masa raɗa, "Don Allah bari Baba ya gani tukuna."

Ya ce, "Tukunyarta na kan wuta, Kyauta."

Ya zare albasa da tattasai ya zuba wa Iya Tabawa a ƙwaryar gidansa. To, kun san unguwa da labari! Wannan ta aiko roƙo, waccan ta aiko, shi kuwa yana ta zuba musu a ƙoren gidansa. Kafin azahar, faifai saura kabewa. Kyauta har da hawaye.

Amma a garin nan abin kunya ne ƙwarya ta koma gidan mai ita ba komai. Sai ƙore suka fara dawowa: wannan da tsoka, wannan da haƙarƙari. Iya Tabawa ma ta aiko da romo.

Tsoho, surukin Nomau, ya iso, ya ga kabewa zaune nama ya kewaye ta. Ya ce, "Nomau, rago nawa ka kayar?"

"Ko kaza ban yanka ba, Baba."

Kyauta ta durƙusa ta faɗa masa komai. Tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Na gode wa Allah. 'Yata ba za ta kwana da yunwa a gidan nan ba."

Kada wani ya fita ya ce Malam ya ce albasa ta zama layya, ban faɗa ba! Cewa na yi, ka gode wa Allah da abin da ke hannunka, kuma kada adonsa ya hana ka bayarwa. Kai da kake ƙunci don bana ba ka da rago, koma gida ka duba faifanka. Akwai maƙwabcin da tukunyarsa ke jira.