Ɗanyen Wake a Kwanon Aladun Philip

Akwai wani matashi, Philip, a wani ƙauyen bakin ruwa da ke yankin Ngaski. Manomi ne mai ƙwazo, ba ya ƙyuya. Ciwonsa ɗaya ne: in ya kalli abu sau biyu a waya, shi ke nan ya zama likita.

Bayan girbi, kawunsa Wakili ya kawo masa 'yan aladu shida da aka yaye, ya ba shi kiwo. Zai dawo bayan wata huɗu. In sun yi jiki, uku na Philip ne halak malak. In sun lalace, Wakili ya kwashe aladunsa ya kai wa wani. Philip kuwa ya daɗe yana burin ya ga nasa na kansa.

Ya san dusa cika ciki kawai take yi, ba ta gina jiki, kuma a nan ya yi gaskiya. Sai ya ɗebo waken suya daga rumbu ya kai inji a barza masa, ɗanye shakaf.

A wurin injin ya haɗu da maƙwabciyarsu Inna Barakatu, dattijuwa Musulma da ta fi shekara ashirin tana sana'ar awara.

"Philip, wanga wake ɗanye za ka ba dabba?" in ji ta. "Soya shi tukun, ɗana. Ɗanyen waken suya ba shi zama ciki lahiya."

Philip ya yi dariya har da buga ƙafa. "Haba Inna! Ke da ba ki taɓa leƙa ɗakin alade ba, mi kinka sani ga cimassu? Alade ko tsakuwa ka ba shi niƙewa zai yi."

Maganar ta yi mata zafi a gaban masu jiran niƙa, amma sai ta ɗauki ƙullinta ta ce, "Allah shi ba da sa'a."

Aladu suka yi ta ci, jiki bai biyo baya ba. Zawo ya kama su, gashi ya miƙe, ƙashin baya ya fito. Gwanin namu ya ce ai waken ne ya yi kaɗan, ya ƙara. Ya je Yelwa ya sayo garin bitamin a kantin maganin dabbobi, ya barbaɗa, shiru. Ranar da aka cika mako shida, ƙaramin cikinsu ya kasa tashi cin abinci.

Tsoro ya kama Philip sosai. Da safe ya isa gidan Inna Barakatu, ya same ta tana tatar wake, ya durƙusa.

"Inna, na zo da kunya."

"Aje ta nan bakin ƙohwa, ka ɗauko min itace," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Ta ɗora babban kasko, ta zuba ɗanyen waken suya daga nata, ta miƙa masa muciya. Ya yi ta juyawa, hayaƙi na shiga idonsa, har ɓawon ya fara tsagewa, ƙamshi ya tashi kamar na gyaɗa.

"Sauke hakanan, kar shi yi baƙi. In ya ƙone ka yi aikin banza." Ta ba shi ƙwaya ɗaya ya tauna. "Ka ji? Abin da cikinka ba shi ɗauka ɗanye, kar ka ɗora ma dabba."

Ta ce ya je wurin masu bandar kifi ya roƙi ɓurɓushin da ke zuba a tabarma, ya daka, ya riƙa zuba ɗan kaɗan a cikin dusar. Kullum kuma tana aje masa dusar waken da ta tace, ya tafasa kafin ya ba su.

Cikin kwana biyar zawo ya tsaya. Ƙaramin ya miƙe yana ture 'yan'uwansa a bakin kwano. Daga nan jiki ya fara hawa, fata ta yi sheƙi, Philip ya koma cin tuwo da daɗi.

Da Wakili ya zo, ya zagaya su, ya daddanna bayansu da tafin hannu, ya gyaɗa kai.

"Yaro, ka yi ƙoƙari. Wa ya koya maka wanga haɗi?"

Maƙwabta sun taru suna kallo. Da Philip ya ce shi ya gano, ba mai musa masa. Ya sosa ƙeya.

"Kawu, saura kaɗan in kashe maka su. Inna Barakatu mai awara ce ta cece su, bayan na yi mata rashin kunya gaban mutane."

Wakili ya dube shi, ya ce, "To tahi ka ba ta haƙuri gaban mutane. In ka dawo, ka zaɓi ukunka."

Philip ya tafi har bakin kasuwa inda take suya, layin masu sayen awara na kallo, ya tuɓe hula ya durƙusa.

Darasi: Kada ka raina shawarar mutum don ka ga ba sana'arku ɗaya ba, ko addininku ya bambanta. Kuma in ka ci mutuncin wani a bainar jama'a, ka nemi gafararsa a bainar jama'a. Ku tura wa 'yan'uwa masu kiwo da duk mai ganin ya fi ƙarfin a koya masa.