Gambar Da Ta Yi Tafiya

— Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan bakin murhu!
— Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

An yi wani ɗan gari, Tudun Gamba. Malam Jatau ne ya sare dajin, ya gina masallaci, ya yanka wa kowa gona. Tsakanin gandunsa da gonakin talakawa ya dasa layin ciyawar gamba, ya yi addu'a, ya ce, "Nan ce iyaka." Ɗansa ya gaji rawani da ƙasa, bai taɓa gamba ba. Sai aka naɗa jikan Malam Jatau, Magaji Nomau, mutumin da cikinsa ya fi rumbunsa girma.

Iya Tabawa ce ke iyaka da gandu, kuma gonar nan ita ce tuwon jikokinta marayu. Ruwan shuka ya sauka, ta je ta tarar gamba ta shigo mata gona. Ta nufi fada.

"Ranka ya daɗe, an ci min iyaka."

"Haba Iya! Gamba ce ta yi tafiya. Inda ta tsaya, nan ce iyaka."

Wata damina gamba ta haɗiye mata kukar miya. Ta koma fada.

"Gamba ce ta yi tafiya. Inda ta tsaya, nan ce iyaka."

Damina ta uku, abin da ya rage mata bai fi shimfiɗar tabarma ba. Ta yi jifa da fartanya. "Allah ya isa! Jikan malami guda, da rawani da carbi, yana satar tuwon marayu!"

Sai Gafiya ta leƙo daga rami. "Iya, ni ma a cike nake. Duk shekara barorinsa sai sun rushe min ɗaki wajen tonon gambar nan. Shi kaɗai ya iya koya wa ciyawa tafiya? Ranar Juma'a ki sa shi ya rantse gaban Liman. Ki dai ja maganar."

Aka sallame salla, Iya ta tare ƙofar masallaci, ta dubi Liman.

"Allah gafarta Malam, Magaji ya rantse a gabanka, sai in haƙura."

Magaji ya yi dariya. "Na rantse da Allah, inda gamba ta tsaya, nan ce iyakata."

"Kunnena ya tsufa, ranka ya daɗe. A sake."

Ya sake.

"Da gaba, da baya, ko'ina ta tsaya?"

"Ko'ina, tsohuwar banza! Jama'a, ku shaida!"

Ashe tun kiran salla Gafiya da danginta suke tono suna jan saiwa. Jama'a suka rako Magaji gida, sai ga gamba koriya shar, ta kewaye katangarsa, ta tsaya cak a bakin zaure.

Magaji ya daka tsawa. "Ƙarya ne! Yaushe ciyawa ta yi ƙafa?"

Iya ta dube shi ido cikin ido. "Kai ka gaya mana, ranka ya daɗe."

Liman ya ce, "Rantsuwa ta fita, Magaji, kuma gari ya ji."

Ranar aka raba gandu. Iya ta karɓi gonarta da kukarta. Gidan Magaji kuwa suka ci gaba da naɗa rawani, amma hatsi sai sun saya a kasuwa.

To yara, duk shugaban da ya mayar da ƙaryarsa doka, ya sani wata rana da ita za a yi masa shari'a.

Ƙurunƙus kan gafiya! Na binne ta a gindin gamba, mai musu ya je ya tono.