Kurege da Buhunan Yashi

Ku zauna da kyau, ku rufe baki, ba na maimaita magana. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata shekara dabbobi masu sana'a suka gaji da zaman kan tudu. Mai rini ya yini ɗebo ruwa, mai jima ya yini ɗebo ruwa, Jaki ya ɗauki kaya zuwa birni, rabi ya zube a hanya. Sai Dorina ta share fili a bakin kogi, ta ce kowa ya sauko. Ta yanka wa kowa wuri. Masu harkar abinci ta ajiye su ta sama inda ruwa yake da tsabta, marina da majema ta kai su ƙasa. Ta jawo wutar lantarki guda, kowa ya jona injinsa. Ta sayi babban jirgin ruwa, duk ranar kasuwa ya kwashi kayan kowa zuwa birni a tashi ɗaya.

Wuri ya yi albarka. Ruwa a bakin ƙofa. Buntun mai casar shinkafa shi ne makamashin mai gasa burodi, tokar mai burodi kuma wani yana jiranta. Ba abin da ake zubarwa.

Doka biyu Dorina ta kafa. Sabon shiga, maƙwabta ne za su ɗora shi da kayan aiki har ya yi lodin farko. Wanda kuma jirgi ya zo ya tarar ba shi da kaya, ya tattara ya koma tudu, a ba wani wurinsa.

To, akwai Kurege. Kurege ba shi da sana'a sai ci. Iska ta kai masa ƙanshin man gyaɗar Tunkiya har raminsa, ya kasa zama. Ya sa hula, ya gangaro.

"Ranki ya daɗe, Inna Dorina, wuri nake nema."

"Mece ce sana'arka?"

"Sabulu. Tun kakan kakana."

"Ban taɓa jin ƙanshin sabulu a jikinka ba."

"Ai mai yi ba ya taɓa na sayarwa, Inna."

Dorina ta ba shi rumfa jikin ta Tunkiya, ga inuwa, ga ruwa yana wucewa ta bayanta. Tunkiya baiwar Allah ta kawo masa tulun mai. Mai burodi ya aiko da toka. Kurege ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har ƙasa, ya ja labule.

Tokar ya tura ƙarƙashin gado. Man kuwa, ya jiƙa garin rogo ya kwarara, ya dafa wake ya kwarara, in ba abin ci ya lashi ludayi. Ya hura wuta a bakin rumfa don a ga hayaƙi, ya ɗora tukunya da ruwa zalla, ya kwanta yana kallon kifi.

Tunkiya ta leƙo. "Maƙwabci, ya aiki?"

"Yana nuna, Yaya, yana nuna. Sai dai mai ya yi kaɗan."

Ta ƙaro tulu.

Ta sake leƙowa. "Maƙwabci, ya aiki?"

"Yana nuna, Yaya, yana nuna. Wannan sabulun shan mai gare shi."

"Kai ma na ga kana sheƙi."

"Tururi ne, Yaya."

Ta ƙaro tulu.

Ana nan, ana nan, Kurege ya yi kumatu, wutsiya ta yi buzu-buzu, har ya fara cewa zaman tudu ai wahalar da kai ne. Sai ga Dorina tana bin rumfuna tana cewa, "Jirgi zai tashi, kowa ya fito da kaya!"

Kurege ya miƙe zumbur. Ya duba tulu, wayam. Ya duba tukunya, ruwa. Ya tuna raminsa na kan tudu, ba inuwa, ba mai, ba maƙwabciya mai ƙaro tulu. Ya zaga bayan rumfa yana sosa ƙeya, sai ƙafarsa ta nutse cikin yashi. Ya dubi yashi, ya dubi buhunan da aka ba shi. Ya shiga haƙa. Ya cika buhu ya ɗinke, ya cika buhu ya ɗinke, ya jawo su bakin jirgi yana nishi.

Dorina ta ɗaga guda. "Kai, wane irin sabulu ne da nauyi haka?"

"Mai auki ne, Inna. Guda ɗaya sai ya aurar da yarinya bai ƙare ba."

"Buɗe in gani."

"Haba, Inna! Iskar kogi tana ɓata shi. Sai birni."

Nufinsa in an isa birni ya sulale da buhunan bayan kasuwa, ya zazzage, ya dawo ya ce ya sayar. Jirgi ya tashi. Kurege ya haye kan kayansa yana fifita da hula, yana gaishe da masunta kamar wani attajiri.

Aka isa birni, aka fara sauke kaya. Tunkiya ta matso.

"Maƙwabci, kafin masu saye su wawashe, ba ni nawa. Gashina ya yi dauɗa."

"Bari mu koma gida, Yaya."

"Gida me zai rage? Ba ni ko ɗan ɓari."

Ta sa ƙaho ta zare ɗinki. Yashi ya zubo, shaaa, ya rufe mata kofato.

Dorina ta taho, jirgi yana tangaɗi.

"Kurege."

"Na'am, Inna."

"Wannan ne sabulun kakan kakanka?"

Kurege ya shiga waige-waige. Ya waiga dama, ruwa. Ya waiga hagu, Dorina. Ya ɗaga kai sama, sai ya hango Zanzaro magini a kan wani bango, ya riƙe ƙugu yana faɗa da leburori. Bangon duk ya tsage, don ƙasar birnin laka ce zalla, yashi sai an yi tafiya mai nisa da Jaki. Kurege ya daka tsalle ya haye buhu.

"Yashi! Yashin kogi! Wankakke, ba laka, ba tsakuwa! Malam magini, a zo a gani!"

Zanzaro ya sauko. Ya damƙi yashi, ya murza, ya kai kunne ya sake murzawa.

"Na wane ne wannan?"

"Nawa ne, maigida. Masana'antata tana bakin kogi."

"Akwai wani?"

"Har ka gaji."

"Na saye duka. Kuma duk zuwan jirgi ina son ninkinsa."

Kurege ya juya wajen Dorina yana washe haƙora. "Kin gani, Inna? Sabulu kowa yana yi. Ni na duba abin da birni ya rasa."

"Man gyaɗata fa?" in ji Tunkiya.

"Yaya, haƙar yashi aikin ƙarfi ne. Ko inji sai da mai."

Dorina ta dubi Kurege. Sannan ta ce, "Doka ta ce kaya, ba ta ce sabulu ba. Wurinka yana nan. Amma daga cinikin yau za ka mayar wa Tunkiya mai, tulu bisa tulu. Tokar mutane ka fito da ita. Kuma ka ji magini da kunnenka. Ranar da jirgi ya zo babu ninki, tudu."

"Ninki, Inna? Ni kaɗai?"

"Kai ka ce har ya gaji."

Tun daga ranar Kurege bai sake kwanciya kallon kifi ba. Ya haƙa, ya cika, ya ɗinke. Ya haƙa, ya cika, ya ɗinke. Kumatu suka sauka, damtse ya fito. Amma yashi yana bayan rumfa, jirgi yana gabanta, mai saye yana jira, ba Jaki, ba hawan tudu. Da la'asar sai ya wanke hannu a kogi, ya leƙa wajen Tunkiya ya sayi mai da guminsa, ya zauna ya ci wakensa, ba ya jan labule. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara hula ya ce shi ne mai masana'antar yashi, kuma shi ya fara gano amfanin bakin kogi, Dorina bin bayansa ta yi.

Shi ya sa har yau ko'ina kuka ga kurege, za ku same shi yana haƙa yana waiwaye. Jirgi yake dubawa.

Ƙurunƙus kan kurege. Duk wanda zai cika buhu da ƙarya, ya nemi mara nauyi, don shi zai yi dakonta har tsufa. Gara ma kada ya fara. Ku tashi, kowa ya wanke ƙafa.