Kwikwiyon Dela da Ya Ƙi Barci

Ga wata na kawo muku, ku gyara zama. Wanda ya san gyangyaɗi zai yi ya je ya wanke ido, don a ƙarshe sai kowa ya faɗi nasa.

A wani ƙauye da ke gindin dutse an yi wata tsohuwa mai suna Dela. Mijinta Barau maharbi ne, duk yankin an san shi da irin karnukansa, jajaye masu farin ƙirji, waɗanda biri ba ya kusantar gonar da suke gadi. Barau ya rasu, tsohon karensa ya bi shi ba da jimawa ba, gida ya yi tsit. Dela ba ta taɓa damuwa da karnukan nan ba. Nata dai ta zuba musu ragowar tuwo, ta kore su daga bakin madafa. Sai da suka ƙare ta gane ashe haushinsu ma abokin zama ne.

Rannan da hantsi sai ga Ja'e, wani Bafulatani abokin marigayin, ya yi sallama, wani abu yana motsi a aljihun rigarsa. Shekarun baya Barau ya ba shi 'yar kwikwiya, kuma a tsakaninsu wanda aka ba mace, in ta haihu, sai ya mayar da iri gidan da ta fito.

Ja'e ya ce, "Matar aboki, ga irinku na dawo da shi. Na so ya ƙara kwana biyu a nonon uwarsa, amma gobe za mu tashi, ruwa ya ƙafe mana."

Ya zaro ɗan kwikwiyo ja mai farin ƙirji, bai fi cika tafi biyu ba. Dela ta karɓa da hannu biyu. Jinin karnukan Barau ke nan, kuma in wannan ya mutu, babu wani a garin.

To, sai Dela ta yi masa karamci irin nata. Ta shinshina shi, ta ji warin ruga da na karya, ta ce wannan ba zai kwana mata a gida haka ba. Ta ɗauko sabulu da soso ta dirje shi tas, ta ɗauraye, ta sake dirjewa, har ya koma ƙamshi kamar jaririn ranar suna. Ta ce baƙo ne mai daraja, sai babban ɗaki. Ta share ɗakin marigayi, wanda babu komai a ciki sai daɓen siminti, ta ajiye shi a tsakiya. Ta zuba masa tuwon jiya da miyar kuka, yaji ya ji, ta ja ƙofa.

Ɗan nan bai runtsa ba. Kuka yake tun yamma har gari ya waye, wani siririn kuka mai shiga ƙashi. Da rana ma bai huta ba, sai zagaye ɗakin yake yana kartar bango. Da abin ya kai kwanaki murya ta dishe, haƙarƙari ya fito, ido ya faɗa. Dela mace ce mai son sanin dalilin abu. Ta kan ɗauki kujera ta zauna ta zuba masa ido tana tambayarsa, "Kai kuwa me aka yi maka? Ga ɗaki, ga tsabta, ga tuwo. Ni da na zo gidan nan amarya ban sami haka ba." Shi dai sai rawar jiki.

Da ta ga zai mutu, ta aika a kira 'ya'yanta uku, kowa daga gidansa. Jatau shi ne ɗan fari, manomi, kuma saboda kunya ba ta kama sunansa. Tambaya maginiyar tukwane ce. Mati shi ne auta, mai kiwon awaki. Kowannensu ya daɗe yana son kare irin na ubansu: birai sun addabi gyaɗar Jatau, dila ya saba da garken Mati, Tambaya kuwa gidanta ne na ƙarshe a bakin daji.

Dela ta ce, "Ni ƙafata ba ta bin kare. Kun san dai karnukan ubanku muryar wanda ya raɗa musu suna suke bi, ba sa bin biyu. Wanda ya sa ɗan nan ya yi barci a cikinku, shi zai raɗa masa suna, kuma nasa ne."

Jatau ya ɗaga kwikwiyon ya kai hanci. Ya ce, "Inna, wanka kika yi masa?"

"Da sai in bar shi yana wari?"

Jatau ya ajiye kwikwiyon. Ya shiga madafa ya ɗauki ƙwarya da faifai, ya sa takalmi ya fice. Tambaya ta bi shi da kallo ta ce, "Yaya ya tafi roƙon fura." Ita ma ta leƙa ɗakin, ta taka simintin da tafin ƙafa, ta girgiza kai ta tafi.

Mati ne ya tsaya. Ya taɓa cikin ɗan, ya ji ya yi tauri kamar ganga. Ya dubi kwanon ya ce, "Inna, jariri kika ba yaji?"

"Ubanka ma da yaji ya girma."

"Uban nawa ba kwikwiyo ba ne, Inna."

Ya je garkensa ya jawo akuya mai shayarwa, ya tatso nonon da ɗuminsa. Kwikwiyon ya ƙi kwano. Mati ya tsoma yatsa ya kai masa baki, ya lasa, ya sake tsomawa, ya sake lasa, yana yin ƙasa da yatsan a hankali har bakin ɗan ya taɓa nonon da kansa. Bai bar shi ya cika ciki ba. Kaɗan-kaɗan yake ba shi, a huta, a sake, daga baya ya riƙa sirkawa da kunu mai ruwa-ruwa. In ya sha sai ya ɗauke shi zuwa bayan danga ya tsaya har ya yi bayan gida, don ya ce ko ɗan dabba ba ya son ɓata inda zai kwanta, kuma wani kukan na matsuwa ne. Mati ya bar garkensa a hannun maƙwabci ya tare gidan uwar. Ciki ya saki, ido ya dawo, ƙafa ta yi ƙarfi. Amma fa ƙarfin nan a kuka ya ƙare, don muryar da ta dishe ta dawo har ta fi da.

Dela ta ce, "Auta, ka dai gyara masa maƙogwaro."

Tambaya ta dawo ɗauke da wata tsohuwar randa wadda ta tsage mata a wurin gashi. Ta ce ita tun tana yarinya take kallon karyar babansu in za ta haihu: ba ta taɓa zuwa fili, sai ta kutsa ƙarƙashin rumbu, inda bayanta zai jingina da abu, sama ma a rufe. Ta fasa bakin randar kaɗan ya faɗaɗa, ta goge kaifin da dutse, ta kwantar da ita a gefe, ta tokare da duwatsu kada ta mirgina. Ta zuba rairayi mai laushi a ciki, ta shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ta binne wani ɗan dutse a tokar murhu har ya yi ɗumi, ta naɗe shi da tsumma ta tura can ƙurya. Sa'an nan ta ce ba a ɗakin marigayi za a ajiye ba, sai a bakin ƙofar Inna, inda zai riƙa jin tarinta da motsinta.

Dela ta ce, "Kare a bakin ƙofata?"

"To ki zaɓa, Inna, ko a bakin ƙofarki ko a rami."

Kwikwiyon ya leƙa randar, ya ja da baya, ya sake leƙawa, ya shige. Rawar jiki ta tsaya, kartar bango ta ƙare. Ya manna cikinsa da dutsen nan mai ɗumi. Sai dai ido biyu. Ya kan tura hanci cikin ciyawar, nan da can, yana neman wani abu da babu, sai ya ɗaga kai ya dasa sabon kuka, randar kuma tana ƙara masa amo.

Shi kuwa Jatau rugar Ja'e ya nufa. Ya tarar an tashi, sai toka da turakun maruƙa. Ya bi sawun shanu. Inda sawu ya ɓace a kan fako ya tambayi masu itace, inda ya rabu biyu ya bi ɗaya ya ga ba su ba ne, ya dawo ya bi ɗayan. Ya kwana a hanya, takalminsa ya tsinke, ya ƙarasa da ƙafa. Da ya cim musu a bakin wani kogi, ya gaishe da Ja'e, ya ce tsumman da karyar, uwar kwikwiyon, ke kwanciya a kai ya zo roƙo. Matar Ja'e ta yi dariya har ta ajiye ƙwaryar nononta. Ta ce ai sun bar shi a tsohon mazauni, iska ta yi gaba da shi. Jatau ya ce to a taimaka a yi wani. Karyar ba ta yarda baƙo ya matso ba, har ta yage masa ƙafar wando. Matar ce ta yagi gefen tsohon zanenta, ta goga a cikin karyar da nonuwanta, ta goga a jikin sauran 'ya'yan, ta bar su suka kwanta a kai har rana ta yi sanyi. Jatau bai taɓa shi da hannu ba, bai sa a aljihu ba, kada guminsa ya ɓata. Da tsinke ya ɗaga shi ya sa a ƙwarya, ya rufe da faifai, ya ɗaure, ya ɗora a ka.

Haka ya shigo gari da la'asar, ƙafa a kumbure. Tambaya ta ce, "Yaya, lefen wa ka ɗauko?" Mati ya buɗe faifan ya toshe hanci. Dela ta ce, "Kai wancan, wannan ƙazantar ce ta kai ka uwa duniya? Abin da na sha wahala na wanke?"

Jatau ya ce, "Shi ne, Inna. Uwarsa kika wanke masa."

Mati ya ba kwikwiyon nono, ya kai shi bayan danga ya dawo. Tambaya ta sake ɗumama dutsen. Jatau ya juye tsumman a cikin randa. Kwikwiyon ya tsaya cak, hancinsa yana rawa. Ya shiga da gudu har yana tuntuɓe, ya tura kai ƙarƙashin tsumman, ya tattaka shi da 'yan ƙafafun gaba kamar mai neman nono, ya juya, ya sake juyawa, ya dunƙule. Kafin a kira magariba sai ga cikinsa yana hawa yana sauka. Washegari Dela ta farka a firgice, ta ɗauka ya mutu, don ba ta ji komai ba. Ta leƙa ta tarar ya miƙe ƙafa sama, harshe a waje.

Yanzu saura alkawari. Dela ta ce ba za ta yanke da ka ba, sai ta gwada ta gani da idonta. Wata rana ta zare tsumman ta ɓoye. Ɗan ya shiga randa da cikinsa a ƙoshe, ya nema ya rasa, ya dasa kuka. Ta mayar. Wata rana ta ɗauke randar ta bar masa tsumman a fili. Ya ja shi da baki ya zagaye tsakar gida da shi, ya rasa inda zai jingina, ya zauna a kai yana kuka. Ta mayar. Rannan kuma ta ce wa Mati ya dakata da nonon yamma, kada kuma ya kai shi bayan danga. Ga randa, ga ɗumi, ga ƙamshin uwa, amma ya shiga ya fito, ya shiga ya fito, barci ya gagara. Ta ce, "Auta, tashi ka ba shi, na gani."

Ta tara su a inuwar rumbu ta ce ita kam ta rasa. Mati ya ce da ba don nono ba, da Yaya ya dawo ya tarar da gawa. Tambaya ta ce da ba don randa ba, da sanyin siminti ya gama da shi da nonon a cikinsa. Jatau bai yi dogon zance ba, ya miƙe ƙafarsa kawai ya ce kowa ya ga lokacin da ɗan ya rufe ido. Kwikwiyon ya fito yana miƙa, ya shinshina wannan, ya lashi wancan, ya taka zanen waccan, ya koma randarsa. Ga shi yana girma ba suna, kuma kare in ya wuce lokacin koyon murya, ba ya sake jin ta kowa.

To, ni na kai ku inda Dela ta tsaya. Mai nono, mai randa, ko mai tsumma: wane ne a cikinsu zai raɗa wa ɗan nan suna ya tafi da shi gida?